Kofi Uku, Murya Ɗaya

Cikin duk shekarun da na yi a wannan aiki, ban taɓa mantawa da ranar da na zauna a ofishinmu na Bawku ina kwatanta fayil biyu, wani dattijo yana gefena yana jiran abin da kwamfuta za ta ce game da mahaifiyarsa ba. Ku da kuka zo daga baya kun tarar da doka kan yadda ake sa wa fayil suna, na kuma san wasunku suna gunaguni wai sunan ya yi tsawo. To ga inda dokar ta samo asali.

A lokacin ƙungiyarmu ba ta kai haka girma ba. Aikinta shi ne ɗaukar muryoyin tsofaffi a unguwannin zango, waƙoƙin mata da tarihin gidaje da labarin fataucin goro, a adana su kafin masu su su tafi. Babban ofishi yana Salaga, akwai reshe a Yendi, akwai a Bawku. A sama akwai Kodineta, Mista Iddirisu, shi ke sa hannu a komai. Kowane reshe kuma yana da jami'in fili guda, watau mai ɗaukar rakoda ya shiga gida-gida. Afa Yakubu ne a Yendi, Malama Zuwera a Bawku. Ni an ɗauke ni a matsayin jami'in na'urori. A takarda aikina kula da kwamfutoci da faifan ajiya ne, amma a zahiri duk abin da ke da waya a jikinsa, in ya ƙi aiki ni ake kira, har da fanka da butar shayi.

Na tarar da tsari biyu da aka kafa tun kafin zuwana, kuma duka biyun an kafa su da kyakkyawar niyya. Na farko, ana sa wa fayil sunan gidan uban mai magana, sannan irin abin da aka ɗauka. Dalili shi ne mata suna aure su watsu garuruwa, amma mai bincike gida yake nema, ba mutum ba. Na biyu shi ne abin da suke kira haɗin faifai. Duk sanda jami'an fili suka zo taro Salaga, kowa yana zuwa da faifan reshensa, a zuba na kowa cikin na kowa, ta yadda kowane ofishi zai koma da cikakken kaya. In kwamfuta ta ce akwai wani fayil mai irin wannan suna, sai a ce mata ta bar sabon ta ture tsohon, don a ganinsu sabo shi ne wanda aka gyara.

Ban daɗe da kama aiki ba, wata safiya cikin damina, Malama Zuwera ta kira ni a waya.

“Massa, akwai wahala,” in ji ta, don haka take kirana, watau oga. “Wani Alhaji ya zo karɓan muryan uwanshi, na ba shi, ya dawo ya ce ba shi ba ne.”

Na ce ta bi da ni a hankali. Ta ce mutumin sunansa Alhaji Seidu, dillalin shanu ne a kasuwar Bawku. Mahaifiyarsa, Mma Asana, haifaffiyar Salaga ce, aure ya kai ta Bawku, kuma Zuwera ta taɓa ɗaukar ta tana rera waƙar gidansu. Tsohuwar ta rasu. Bayan sadakar arba'in Alhaji ya zo ofis ya roƙi a ba shi muryar, aka zuba masa a memori, ɗan katin nan da ake sa wa waya, ya tafi. Washegari ya dawo ya ajiye memorin a kan tebur ya ce wannan ba uwarsa ba ce.

“Ni na zauna gabanshi na ɗauka da hannuna,” in ji Zuwera. “Na sake ji yanzu. Muryan Mma Asana ne, wallahi.”

Sai da Alhaji ya karɓi wayar sannan na gane zancen. Hausarsa irin ta tsofaffin gidaje ce, a natse, ba ya ɗaga murya. Ya ce waƙar doguwa ce, matan gidansu ke yin ta ranar suna. Tana farawa da kakansu madugu, ta bi garuruwan da ayarinsa ke yada zango, ta ambaci matansa da 'ya'yansa. A ƙarshe kuma mai rerawa takan kira nata 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya, da sunan da take kiransu a cikin gida. Shi a kasuwa Alhaji Seidu ne, amma a bakin uwarsa Tanko ne, don bayan mata aka haife shi.

“Na zauna na saurara tun daga farko,” ya ce. “Da aka zo wurin sunaye ina jiran in ji Tanko, sai na ji ana kiran 'ya'yan Inna Fuseina. Mma 'yan biyu ne, malam. 'Yar'uwarta tana Yendi.”

Zuwera ba ta san tsohuwar tana da abokiyar haihuwa ba, ba ta kuma san sunayen cikin gida ba, saboda haka ko sau nawa ta saurara ba za ta gane ba. Na je na sami Kodineta na faɗa masa. Bai damu sosai ba.

“Kofi uku gare mu,” ya ce. “In na Bawku ya rikice, akwai na Yendi, akwai namu. Ka je ka duba ka ba bawan Allah nasa.”

A nan bari in yi wa waɗanda ba na na'ura ba bayani. Fayil ɗin murya ba rubutu ba ne da za ka buɗe ka karanta ka ga inda aka canza. Jerin ƙananan lambobi ne masu yawan gaske, kowane guda ana kiransa bayit. Sunan fayil da ranar da ke jikinsa kamar rubutun bayan buhu ne, ana iya sauya su ba a taɓa abin da ke ciki ba. Girma ma ba hujja ba ne, don abu biyu kan zo daidai a awo su bambanta a ciki. Hanyar tabbatarwa biyu ce. Ta farko, a sa kwamfuta ta bi fayil ɗin gaba ɗaya ta fitar da wani gajeren layin haruffa da lambobi, wanda muke kira zanen yatsa. Ko bayit ɗaya aka canza, layin zai sauya kamanni baki ɗaya. Ta biyu, a jera fayil biyun a bi su bayit da bayit, kwamfuta ta nuna daidai inda suka rabu. Ta farko tana gaya maka ko akwai bambanci, ta biyu tana gaya maka inda yake.

Wani zai ce me ya hana a saurara kawai. Ni dai kunnena ba zai raba muryar 'yan biyu ba, tunda na wadda ta zauna gaban tsohuwar ma bai raba ba. Shi kuwa Alhaji, wanda zai iya, ya kafa sharaɗi tun a waya. Ya ce ba zai sake zama yana jiran sunansa bai zo ba. In na sami wani kofi, in fara tabbatarwa da na'ura cewa ba irin wanda ya ji ba ne, sannan in kunna masa. Na ga sharaɗin ya yi daidai, na amsa.

Na fitar da zanen yatsan kofin Salaga, na ɗauki faifan, na hau mota ta hanyar Bimbila. Hanya ta jiƙe, muka yi ta tsayawa ana sauke doya ana ɗora doya, amma mun isa Yendi da sauran rana. Afa Yakubu ya kawo faifansa na haɗa. Suna ɗaya, girma ɗaya, ranar da ke jiki daban, zanen yatsa kuwa ɗaya sak da na Salaga.

Na tambaye shi ko ya taɓa ɗaukar wata tsohuwa 'yar gidan madugun nan. Ya ce ƙwarai, Mma Fuseina, bai manta ba don ta ba shi goro da tuwo. Na tambayi lokaci. Ya ce bayan kaka ne. Zuwera kuwa ta riga ta gaya mini nata kafin azumin waccan shekarar ta yi shi, wata da watanni kafin nasa. Kowace tsohuwa da aka tambaye ta gidansu ta faɗi gidan ubanta na Salaga, kowace ta rera waƙar suna. Jami'ai biyu da ba su san da aikin juna ba suka bi doka yadda take, suka rubuta suna iri ɗaya. Da aka zo haɗin faifai, kwamfuta ta yi tambayarta, aka ba ta amsar da aka saba. Na Yendi ne sabo.

Afa Yakubu ya kalli faifan, sannan ya ce, “To na Zuwera ina ya tafi?”

Na ce abin da zan je nema ke nan. Na tambaye shi ko Mma Fuseina tana nan. Ya ce tana raye, amma ciwo ya kwantar da ita tun bara, ba ta magana.

Daga Yendi na bi ta Gushegu da Nakpanduri, motar ta gangara dutsen nan a hankali kamar ba za ta kai ba. Da safe na isa ofishin Bawku, ɗaki ɗaya ne a saman wani shagon takin zamani. Na tarar Alhaji Seidu ya riga ni. Dogo ne, ya fara furfura, takalminsa da lakar kasuwar shanu. Muka gaisa, na yi masa ta'aziyya, ya ja kujera ya zauna a inda zai riƙa ganin allon duk da ya ce ba ya karanta boko.

Na fara da memorin da aka ba shi, don shi ne ma'auni. Zanen yatsansa ɗaya da na Salaga da na Yendi. Na ce wa Zuwera ta fito da duk abin da ya taɓa riƙe fayil a ofishin nan. Faifan reshe ya ba da layi iri ɗaya. Kwamfutarta ma haka. Alhaji ba ya tambaya, fuskata kawai yake kallo, in na girgiza kai sai ya gyaɗa nasa.

Can Zuwera ta tuna da wani tsohon filashi da ke cikin aljihun tebur, wanda ta taɓa zuwa da shi wata makaranta ta kunna wa ɗalibai waƙoƙi. Na soka shi. Fayil ɗin yana ciki, sunansa ɗaya, amma ya ɗara sauran girma da ɗan kaɗan. Na sa aka fitar da zanen yatsa. Layin da ya fito bai yi kama da na baya ba ko a harafin farko.

Zuwera tana tsaye a bayana, ta gani kafin in yi magana. “Alhamdu lillahi, ba ɗaya ba ne,” ta ce. “Alhaji, an samu.”

Alhaji ya zaro wayarsa ya ce bari ya kira yayarsa ya gaya mata. Na ce ya dakata tukuna. Na san na ɓata wa ɗakin rai, amma ɗan bambancin girman nan bai kwanta mini ba. Mutum biyu ba sa rera waƙar fiye da awa guda su tashi kusan daidai haka, ko da 'yan biyu ne. Na ce saura mataki ɗaya, in an yi shi sai ya kira wanda yake so.

Na jera fayil biyun na ba da umarnin a bi su bayit da bayit. A can farko-farko, wurin da fayil ke faɗin tsawon kansa, kwamfuta ta nuna 'yan lambobi sun bambanta. Daga nan ta yi shiru. Faifan yana ta aiki, fitilarsa tana ƙiftawa, allo bai ƙara komai ba. A aikinmu shirun nan ma'anarsa komai daidai yake, kuma kullum shi muke fatan gani bayan mun kwafi abu. Ran nan kuwa ina zaune ina roƙon Allah layi ya fito. Bai fito ba har aka kai ƙarshe, inda ta ce fayil ɗaya ya ƙare, ɗayan yana da ɗan wutsiya. Na buɗe wutsiyar. Rubutu ne gajere, sunan Zuwera da sunan Bawku da kalmar waƙa. Manhajar da ta kunna wa ɗalibai da ita ce ta liƙa shi. Muryar da ke ciki, daga numfashin farko zuwa na ƙarshe, ita ce dai ta Mma Fuseina.

Saura katin rakoda. Zuwera ta ce ana goge shi duk bayan haɗin faifai a ci gaba da aiki da shi, haka aka koya musu. Na bi shi da manhajar tono abin da aka goge. Na sami wani tsoho yana ba da labarin cinikin jakuna, na sami wata mai wasa ƙwaƙwalwa, na sami guntayen abubuwa da aka ɗauka daga baya. Na Mma Asana an daɗe da rubuta wasu a kansa.

Na juya kujerata na fuskanci Alhaji. Na gaya masa yadda abin ya faru, tun daga sunan gida har haɗin faifai, ban rage ba ban ƙara ba. Na ce duk kofin da muke da shi a garuruwa uku abu ɗaya ne, kuma na innarsa ne. Na ce muryar mahaifiyarsa ba ta wurinmu, ba na kuma jin za a same ta. Zuwera ta zauna a bakin tebur tana hawaye tana ba shi haƙuri.

“Ke ba ki yi komai ba, 'yata,” ya ce mata. “Kin je kin zauna da ita, ta kuma ji daɗin zuwanki, ta yi kwanaki tana ba mu labari.” Ya juyo gare ni. “Watau da ba ku yi ta kwafa ba, da tana nan?”

Na ce haka ne.

Ya daɗe yana juya memorin a hannunsa. Ni kuma, don in sami abin yi, na ce in yana so zan iya yanke masa ƙarshen, wurin sunayen, ya rage waƙar kawai, tunda shi da kansa ya ce har zuwa wurin bai ji bambanci ba.

“Kada ka yanke,” ya ce. “'Ya'yan Inna ma 'ya'ya ne, kuma ita ba za ta sake kiransu ba. Ka dai nuna mini inda ake tsayar da abin nan.”

Na sa memorin a wayarsa, na nuna masa wurin da ake taɓawa ya tsaya, a sake taɓawa ya ci gaba. Ya gwada har ya iya. Ya ce in kai masa kusa da ƙarshe. Muryar ta fito, siririya, tana ɗan karkarwa, ana jin kaji a bayanta. Ya saurara kansa a ƙasa. Da ta gama ambaton matan madugu ta ja numfashi za ta shiga sunaye, sai ya sa babban yatsa ya tsayar. Ya kira yayyensa mata, kowace da sunanta na cikin gida, da irin jan muryar waƙar, duk da shi ba mawaƙi ba ne. Sannan ya ce, “Tanko.” Ya ɗan jira, ya sake taɓawa, tsohuwar Yendi ta ci gaba da kiran nata.

Da ta ƙare ya sa wayar a aljihu, ya yi mana godiya, ya ce yana da shanu da za a loda kafin azahar. Ya sauka.

Na kira Kodineta daga nan ofishin na ba shi rahoto. Ya tambaya ko akwai wasu irin wannan. Na ce sai na duba. Da na koma Salaga na bi tsofaffin rahotannin jami'an fili ina gwada su da abin da ke faifai, na kuwa sami wasu. Wa da ƙani da suka ba da tarihin gida ɗaya, uwa da 'yarta da suka yi waƙa ɗaya, a kowane wuri murya guda ce ta rage. Ba a hukunta kowa ba, don ba wanda ya karya doka. Mista Iddirisu ya dakatar da haɗin faifai har sai da muka sake tsari, kuma in faɗi gaskiya, bai tsaya kare tsohon tsarin ba ko da shi ya kawo shi.

Abin da na koya a wannan tafiya ba mai yawa ba ne, amma ya zauna mini. Kwamfuta tana iya tabbatar maka fayil biyu ɗaya ne har bayit na ƙarshe, ba ta iya gaya maka ko shi ne wanda ya kamata ya kasance a wurin. Zanen yatsa in ya bambanta kada ka yi saurin yi wa kowa albishir, je ka ga inda bambancin yake. Yawan kofi kuma ba ya tsare komai in dukansu daga kuskure ɗaya aka kwafo su. Game da mutane kuwa, na lura masu zuwa ofishinmu ba tarihin gida suke nema ba kamar yadda muka zata lokacin da muke tsara sunaye. Mutum guda suke nema a cikin gidan.

Shi ya sa yanzu ba mai ture tsohon fayil da sabo sai na gwada su, shi ya sa ba a goge kati sai an ajiye zanen yatsan abin da ke kansa. Sunan fayil kuma da kuke cewa ya yi tsawo, ku duba abin da ke farkonsa. Sunan mai muryar ne, nata na kanta, sannan garin da aka same ta, sannan gidan ubanta ya biyo baya. Na Yendi yana nan a faifai, na gyara masa suna da hannuna, Fuseina. A samansa na bar folda guda mai sunan Asana, ba komai a cikinta, kuma ban yarda kowa ya goge ta ba.